Zuwa ga masu kawo mana kaset: bayani a kan hoton faifan DVD

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan'uwa abokan hulɗa.

Ƙorafinku ya iso mana, wani a bakin shago, wani ta bayan fage. An ce faifan da muke juye kaset ɗin aure da na suna a kansa yana fitowa da hazo, wani yana maƙalewa, wani babu launi. Har an ce wai mun daina kula da aiki. Wannan magana ta ƙarshe ta yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara mu fayyace komai.

Maƙalewar daga faifan take. Dillalin da ke kawo mana kaya daga Kano ya sauya iri bai faɗa mana ba: kwali ɗaya, tambari ɗaya, kuɗi ma ya ƙaru. Shi DVD daga tsakiya ake fara rubuta shi ana yin waje, kuma faifai mai arha a bakin gefensa ne sinadarin ba ya shimfiɗuwa daidai. Sai ya yi lafiya lau a kwamfutar shago, a kai shi gida, ana gab da kai amarya hoton ya farfashe gida-gida ya tsaya cik. Ba mu da hanyar gane haka da ido. Da mun sani, ko ɗaya ba zai fita daga hannunmu ba.

Sai na'urar kaset ɗin kanta. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016. Kan da ke karanta zaren yana cinyewa, sabo kuwa babu, sai dai a ciro daga wata tsohuwa. Ga ƙurar hunturun Damagaram. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan na'urar ta isa ta ja farin layi a hoto, ko da an goge da alkol kafin a sa kaset. Kuma kaset na awa 3 awa 3 yake ci wajen juyewa, ba a hanzarta shi. In wuta ta ɗauke a tsakiya sai a tada injin a koma farko, kun kuwa san kuɗin mai.

Amma akwai abin da ko faifan zinariya ba zai gyara ba, kuma nan ne aka fi ɗora mana laifi. Kaset ɗin VHS layi kusan 240 kawai yake iya rarrabewa a faɗin hoto. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana rufa masa asiri. Ta yanzu mai ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye, miƙe shi take yi, duk hazon ya fito fili. In kun ga fuskar ango ta baje, ku shiga saitin talabijin ku mai da shi 4:3 maimakon 16:9. Siririn layin da ke rawa can ƙasan hoto ma tun asali yana nan, bakin tsohon gilashi ne ke ɓoye shi.

Rashin launi kuma tsarin launin talabijin ne ya saɓa. Nijar da SECAM take aiki a wancan zamani, irin na Faransa, Najeriya kuwa PAL. Kaset ɗin SECAM in ya shiga na'urar da PAL kaɗai ta sani, baƙi da fari zai bayar. Ku gaya mana inda aka ɗauki kaset tun wurin ajiyewa.

Wasu sukan ce a haɗa musu kamu da walima da kai amarya a faifai guda don rage kuɗi. Faifai mai 4.7 GB awa 2 ne ƙa'idarsa in ana son hoto mai kyau. A cusa masa awa 4, sai duk inda ake rawa ko dawakin hawan salla suka zabura hoton ya dagule. Haka kaset ɗin da mai kamara ya ɗauka da LP, wato saitin da ke jan zare a hankali, don zare ya ishe shi, ko wanda kwafin kwafi ne da aka raba wa dangi. Wanda ya sha damina a ƙasan akwati kuma, ku leƙa ta tagarsa: in kun ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce. Kada ku gwada shi a gida, zai toshe kan na'ura.

Ta ɓangarenmu muna kan neman mafita, muna magana da wasu mutane, in sha Allahu za ku ga canji. Wanda faifansa ya maƙale ya dawo da shi tare da kaset ɗin asali mu duba. Don Allah kada ku jefar da kaset bayan an juye. Ku ajiye shi a tsaye, nesa da rana da lasifika.

Muna godiya ga iyayenmu mata na Birni da Zango da suka ba mu amanar kaset ɗin aurensu, yau kuma suke turo mana jikoki da na sunansu. Da Alhazan kasuwar Dole da ba su taɓa kai aiki wani wuri ba, da masu ɗauko kaset tun daga Mirriya da Matamaye. Mun san wasunku sun ji haushi sun yi shiru saboda kunya da zumunci. Ku zo ku faɗa mana a fuska, mun fi son haka.

Allah ya bar zumunci.

Naku,
Masu shagon juye kaset, Damagaram