Kafin a Ce An Gano Maganin Ciwon Daji, a Tambayi Matakin Gwaji

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi tsokaci kan yadda ake ba da labarin binciken ciwon daji. Da wuya wata ya wuce ba a ji an gano maganin kansa, wato ciwon daji, ba, amma in ka bi diddigi sai ka tarar a jikin ɓeraye aka gwada, ko a kan mutum ashirin. Muna roƙon duk wakilin da zai kawo irin wannan labari ya fara tambaya: a wane mataki gwajin yake, mutum nawa ne, da me aka kwatanta, kuma me aka auna?

Gwajin magani a kan mutane hawa-hawa ne. Mataki na farko ba warkewa yake nema ba, iyakar abin da jiki zai ɗauka yake nema. A tsohon tsari, ana ba mutum uku ƙaramin ma'auni, a sa musu ido na mako uku zuwa huɗu. In babu wanda ya sami mummunar illa, a ƙara wa wasu uku. In ɗaya ya samu, a ƙaro mutum uku a kan wannan ma'auni. In biyu suka samu, an wuce gona da iri, sai a koma baya. A mataki na biyu ana duba ko ƙari, wato kumburin ciwon dajin, yana raguwa, kuma galibi sai faɗinsa ya ragu da kashi 30 cikin ɗari ake cewa ya amsa magani. To amma raguwar ƙari daban, tsawon rai daban.

A mataki na uku ake yin ta ta ƙare. Ana raba ɗaruruwa ko dubban majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, wasu su sami sabon magani, wasu wanda aka saba bayarwa. Dalilin ƙuri'ar shi ne in aka bar wa likita zaɓi, zai ba masu ƙarfin jiki sabon maganin, sai ƙarfin nasu ya zama yabon magani. Haka ta faru a Amurka a shekarun 1990, inda dubban mata masu sankarar mama suka sha maganin kansa mai tsananin ƙarfi tare da dashen ɓargo. Da aka yi gwajin ƙuri'a, sai ta bayyana bai ƙara musu kwana ba, wahala kawai ya ƙara.

Gwajin gano cutar da wuri ya fi yaudarar mai karatu. Ɗauki matar da cutar za ta yi ajalinta tana da shekara 60. In aka gano tana 58, a ce ta rayu shekara biyu. In aka gano tana 55, a ce biyar, alhali ranar rasuwarta ba ta motsa ba. Shi ya sa yawan mace-mace ake ƙirgawa. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000 kan sankarar ƙwan mace, kuma sakamakon 2021 ya nuna gwajin jini na shekara-shekara ya kama wasu da wuri, amma mace-mace ba su ragu ba. A Amurka kuwa, hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ga mashaya taba kimanin 53,000 ya rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin ɗari, kamar yadda aka wallafa a 2011. Sai dai kusan ɗaya cikin huɗu na hotunan ya nuna wani abu, kuma fiye da kashi 95 na waɗannan ba kansa ba ne. Wasu sai da aka yanko musu tsoka a banza.

A fannin rigakafi ma zato ba ya wadatarwa. An ba mashaya taba kimanin 29,000 a Finlan ƙwayoyin bitamin, sai a 1994 aka ga masu shan sinadarin beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18. A Kenya kuma gwaji ya nuna allura ɗaya ta rigakafin HPV, ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, tana ba da kariya sosai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan a 2022.

Wanda aka gayyata shiga gwaji yana da haƙƙin a karanta masa takardar amincewa da harshen da yake ji, ya tafi da kwafinta ya yi shawara. Ya tambayi wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da aikin, wa zai biya kuɗin gwaje-gwaje, wa zai ɗauki nauyinsa in illa ta same shi. Ba a hana mai ciwon daji magani tabbatacce don a ba shi ƙwayar da ba komai a cikinta. Yana iya janyewa duk ranar da ya so, kuma ba za a daina duba shi ba saboda haka.

Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya