Wasiƙa daga Shika

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Wata huɗu ba amo ba labari. Tun da kika iya Larabcin kasuwa kika manta da mu, ko? Da na ce sai kin fara rubutowa, amma labarin nan ya ƙi zama a cikina.

Na sami gurbin koyon aiki na wata 6 a ɗakin gwajin jini na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika. Jiya aka bar ni na yi gwajin sikila da hannuna, tun daga farko har ƙarshe. Ana ɗiga jinin a kan wata siririyar takarda, a sa a na'ura a kunna wuta, sai himogulobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya rabu, nau'in A mai lafiya ya yi gaba, nau'in S na sikila ya tsaya a baya. Samfur na takwas na yaro ne ɗan shekara 3. Layi ɗaya tak ya fito, a wurin S, alamar sikila ke nan. Wallahi sai da na zauna. Autanmu ne ya faɗo mini, Allah ya jiƙansa. Kin tuna daren da muka kwana muna gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi?

Duk azabar nan fa amino asid ɗaya ce ta canza, wato tubali ɗaya daga cikin waɗanda ke gina himogulobin, a gurbi na 6 na ɓangarensa da ake kira sarƙar beta. Kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne.

Af, an sa ranar mutuniyarki, bayan Sallah. Ni na ja ta gwaji da kaina, ta fito AA, alhamdu lillahi. Ankon shuɗi ne, kar ki ce ban faɗa miki ba. Ke kuma naki Ustazun, har yanzu yana turo baitoci?

Gwaggo na nan kan bakanta, wai mai gwajin jini ɗan aiken likita ne. Maganar tana min ciwo, amma na riga na yanke: digiri na biyu zan yi a ilimin jini. Ina so in gano dalilin da maganin sikila na hydroxyurea ke ɗaga himogulobin F, wato irin na jarirai mai rage tsananin ciwon, sosai a jikin wasu yara, wasu kuma kaɗan. Ban faɗa wa Baba ba tukuna, ke ce ta farko. Ki taya ni addu'a ya amince, don shekaru ne masu yawa a gaba.

Ki gaida Anti da yara. In za ki zo biki, ki taho min da zoɓorodon Aswan.

Taki har kullum.