A riƙa tunawa da masuntan bakin teku a hasashen yanayi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon a sake duba yadda ake karanta hasashen yanayi a tasharku. Akan faɗi inda za a yi ruwa da inda rana za ta ƙwalle, sai a wuce. Mu da abincinmu ke cikin teku wannan bai ishe mu ba, balle a lokacin zafin bana da hadari ya ƙi ba mu sarari.

Iska ce babbar damuwarmu. Idan ta kwana tana busowa daga teku zuwa gaɓa, sai ta dama yashi da laka, ruwa ya yi duhu, kifin da ke farauta da ido ya kasa ganin abin da ke jikin ƙugiya. In kuma aka tafka ruwa kogi ya kawo, wata matsalar ce. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, don haka ruwan daɗi, da yake bai kai shi nauyi ba, a sama yake shimfiɗuwa. Kifin ruwan gishiri sai ya nutsa ƙasa ko ya yi nisa da gaɓa. Mutum ya ƙona mai, ya wuni yana jan koma, ya dawo da ciyawa da tarkace.

Asarar mai da sauƙi, ana mayarwa. Abin da ke cin rai shi ne igiyar ruwan da guguwa ke tayarwa can nesa, ɗaruruwan kilomita, ta iso gaɓa alhali sama garau, ba gajimare ko ɗaya. A bakin kogi, lokacin da teku ke janyewa, ruwa mai fita kan yi karo da igiya mai shigowa, ta miƙe tsaye ta kifar da kwale-kwale. Wanda ya ji "ba a sa ran ruwa yau" a rediyo ya fita da yaransa, ta ina zai san da wannan?

Hukumomin yanayi suna fitar da waɗannan bayanai, karantawa ce ta rage. A faɗa mana ƙarfin iska da inda take fitowa, tsayin igiyar ruwa a mita, da lokacin cikowar teku da janyewarsa. Don Allah a karanta kafin asuba, domin bayan fitowar rana mun riga mun yi nisa.

Naku,
Wani masunci mai sauraronku