Iyayenmu Mata da Ba a Buga Ta'aziyyarsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi ta'aziyyar mahaifiyata, wadda Allah ya karɓi ranta a nan Gombe tana da kimanin shekara 80, ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Shafukan ta'aziyya sun saba ɗaukar sarakuna da 'yan siyasa da attajirai, amma a ganina ba a kyauta ba idan mace irin Inna za ta koma ga Mahaliccinta ba a rubuta ko layi ɗaya a kanta ba, alhali da gumin irinsu aka yi karatun mutanen da yau suke riƙe da makarantu da asibitoci da ma'aikatu.

An kawo ta aure unguwar Bolari tana yarinya, a daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, garin yana tashen cinikin auduga da gyaɗa. Tana cikin kulle, ba ta taɓa zama a kasuwa ba, amma ɗakinta da tsakar gidanta su ne kantinta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kafin a kira assalatu ta hura wuta, ta soya gyaɗar a kasko tana juyawa har ta yi ja, ta murje ta sheƙe, a kai niƙa. Idan an dawo da ita sai ta zuba a turmi, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya har mai ya taso, sannan ta matse tunkuzar da hannu ta mulmula ta jefa a mai. Tafin hannunta ya yi kanta saboda wannan aiki, kuma duk wanda ya girma a gidanmu da ƙanshin nan yake farkawa.

Ita ce uwar adashin matan layinmu, ba ta iya rubutu ba, amma ba a taɓa jin an ce kuɗin wata ya yi ciwon kai a hannunta ba. Da aka canja kuɗi a 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, mata da yawa sun tsorata kada a cuce su, ita ce ta riƙa zaunar da su tana nuna musu cewa fam ɗaya naira biyu ne, sule kuma kwabo goma, har kowa ta gane zubinta.

Abin da na fi so masu karatu su sani shi ne matakin da ta ɗauka a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta. Macen da ke cikin kulle da tallar 'ya'yanta take sayar da kayanta, saboda haka tura 'ya mace makaranta tamkar rufe ƙofar ciniki ne da hannunka. Inna ta sauke wa ƙannena mata farantin talla, ta koma sayar wa 'yan sari a kan farashin da bai kai ba, ta haɗiye asarar. An yi mata surutu, an ce boko zai lalata mata 'ya'ya, amsarta ba ta wuce cewa ita ta sha wahalar rashin sani ba, ba za ta gadar da ita ba. Da tsadar rayuwa ta tsananta bayan 1986, albashin mahaifinmu ya kasa, kwanukan jerenta ta riƙa fitarwa ɗaya bayan ɗaya tana bai wa dillaliya domin a biya kuɗin jarrabawa. Yau a cikin waɗannan 'yan mata akwai malamar makaranta, akwai ma'aikaciyar jinya.

Ni ɗan fari ne, don haka har ta bar duniya ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "wannan yaron", ko da furfura ta cika mini gemu. Duk abin da alkunya ta hana ta nuna mini sai ta juye shi a kan jikoki: mazan angwayenta ne da take tsokana kan ba su kawo cefane ba, matan kuwa kishiyoyi, kuma kowa yana da rabonsa a cikin kwallar da take ɓoye ƙuli-ƙuli mai sukari. Bayan ƙarfinta ya ja baya ta shiga Islamiyyar matan aure, jikokin nan su ne suke yi mata bitar karatu da daddare.

Ya Edita, irin Inna suna nan a Jekadafari da Pantami da Herwagana, da kowane lungu na Bauchi da Gombe. Ina roƙon jaridarku ta ware wani gefe, ko sau ɗaya a wata, da 'ya'ya da jikoki za su riƙa aiko da tarihin iyayensu mata. Muna godiya ga duk waɗanda suka zo jana'iza da zaman makoki. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta, da dukkan iyayenmu da suka riga mu.

Naka,
Wani mai karatu daga Bolari, Gombe