Takardar Koke Kan Gwajin Ruwan Sha da Hatsi

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya ja zamaninka. Mu ma'aikatan ɗakin gwaji da jami'an tsaftar muhalli na ƙasarka muna kawo kuka kan yadda ake tantance ruwan sha da hatsi. Har yau ido da hanci ne alƙalai. Ruwa in ya yi garau sai a ce lafiya lau, alhali dalma ba ta canza masa launi, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata mikrogiram 10 ne kacal a lita (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Haka gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa a masara da gyaɗa: dafuwa ba ta kawar da ita. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya.

Akwai na'urorin da ke gano waɗannan. Wasunsu suna aiki da dabarar kromatografi, wato rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri. A na'urar da ake kira GC-MS, iskar hiliyam ce ke tura samfurin cikin siririn bututu mai tsawon mita 30, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, sannan kashi na biyu na na'urar ya farfasa shi ya auna nauyin gutsattsarinsa, a gane shi kamar zanen yatsa. Da ita ake kama ragowar maganin ƙwari. Aflatoksin sai na'urar LC-MS, dalma kuwa na'urar ICP-MS.

Ranka ya daɗe, ba sayen na'ura muke roƙo ba. Na'urar da ba ta samun wuta dare da rana, ba gas, ba ƙwararre, kayan ado ce. Roƙonmu a riƙa ɗibar samfuri bisa ƙa'ida ana aikawa ɗakin gwajin da ke da shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa mai suna ISO 17025, domin a wurin ɗiba aikin ya fi lalacewa.

Ruwan da za a nemi maganin ƙwari a cikinsa, a zuba lita ɗaya a kwalbar gilashi mai duhu, a sa cikin ƙanƙara, a fara aikinsa kafin kwana 7. Roba tana tsotse wasu sinadaran, rana kuma tana rusa su, sai sakamako ya fito wai babu komai. Na dalma kuwa a goran roba mai tsabta ake zuba shi, a ɗiga masa asid na naitirik don kada ƙarfen ya manne a bango. Kowace tafiya a haɗa da kwalbar tataccen ruwa. In aka ga guba a cikinta, kayan ɗibar ne suka gurɓata.

Hatsi ya fi wuya, saboda gubar ba ta bazuwa daidai. 'Yan ƙwayoyi a kusurwar da damshi ya taɓa na iya ɗauke da kusan dukkanta. Cin hannu ɗaya daga bakin buhu yaudarar kai ne. A babban sito ana caka wurare har 100, sama da tsakiya da ƙasa, a tara kilo 10, a niƙe duka, sannan a ɗebi na gwaji.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki hukuma ta gwada rijiyoyi da burtsatse a rani da damina, ta gwada hatsi kafin a adana shi, ta kuma bayyana sakamakon da adadinsa, ba "ya yi kyau" kawai ba. Rijiyar da ta haura iyaka a rufe ta, a sama wa jama'a wani ruwan har a sake gwaji.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Masu biyayya,
Ma'aikatan ɗakin gwaji da jami'an tsaftar muhalli