Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a kan wushiryar takwarata

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan Tawa sai godiya.

Na ji saƙonki cewa kina so a sa wa takwarata waya a haƙora don a rufe mata wushirya. Ɗiyata, ki dakata tukuna. Yarinya shekararta 8, ko famfara ba ta gama ba. Yara da yawa haƙoransu na gaba a ware suke fitowa. Fiƙoƙin sama na dindindin sai wajen shekara 11 ko 12 suke saukowa, kuma su ne suke turo na gaban su matsu. Sau da yawa tazarar da kanta take rufewa, ko ta ragu sosai.

Amma ki kai ta wurin likitan haƙori ya duba, in ya ga da buƙata ya ɗauki hoton muƙamuƙin. Wani lokaci ƙaramin haƙori ne na ƙari yake ɓoye cikin dasashi a tsakanin biyun. Wani lokaci kuma tsokar nan da ta haɗa leɓen sama da dasashi ce ta sauko ta shiga tsakani. Shi haƙorin nan na ƙari jira ba ya maganinsa. Tsotsar yatsa fa, ta daina? Ita ma tana tura haƙora waje.

Idan ta girma likita ya ce sai waya, ki sani aikin yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, ana komawa a kai a kai ana ɗaurewa. Abinci yana maƙalewa a ciki, sai an dage da goge baki safe da dare. Bayan an cire, akwai wata siririya da ake liƙawa a bayan haƙoran, in babu ita wushirya takan dawo, kuɗi sun tafi a banza.

Abin da nake roƙonki da Allah, kada wata ta ba ki shawarar ɗaure haƙoran da roba a gida. Robar tana sulalewa ƙarƙashin dasashi, ta ci har saiwa, haƙoran su zube.

Kuma ki daina maganar nan a gabanta. Mu a Adar wushirya ado ce, kakarki ma da ita ta tsufa, ana yabawa. Ba na so in ga yarinyar nan tana rufe baki da hannu in za ta yi dariya.

In kun ga likita, ki kira ni in ji abin da ya ce. Babanki yana gaishe ku. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki