Wasiƙa Zuwa Ga Abba: Ka Warware Cinikin Nan Kafin Litinin

Kano, daren Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Hauwa da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Takardun da ka ɗauki hotonsu ka turo ta WhatsApp sun iso. Na aika an bugo mini su, domin idona ba ya jure ƙananan rubutu a waya, na kuma karanta su tun daga shafin farko har inda kuka sa hannu. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, saboda a waya "to Baba, to Baba" kawai kake cewa, ba na gane ko ka gamsu ne ko kunyata kake ji. Wasiƙa kuwa za ku iya zama ku karanta tare da Hauwa.

Ka nemi shawarata a kan kason gidan hutun da kuka saya a birnin Olando na jihar Filorida a Amurka, irin wanda ke ba mutum damar zaman mako guda kowace shekara. Ga ta ba kwana-kwana: ka warware cinikin nan, kuma a cikin makon nan.

Dokar jihar Filorida ta ba duk wanda ya sayi irin wannan kaso na gidan hutu kwana 10 ya janye, babu tara, ba kuma sai ya faɗi dalili ba. Da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa. Kun sa hannu ranar Juma'a, ke nan wa'adin zai cika ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe 12 na dare. Babu mai iya ƙwace maka wannan haƙƙi. Ko da an cusa wani layi a takardun cewa ka yafe shi, doka ba ta san da zamansa ba. Ka ma gode wa Allah da a Filorida abin ya same ka, domin a Nebada kwana 5 ne, a Kalifoniya 7. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14 ne, can har an hana mai sayarwa karɓar ko sisi kafin kwanakin su cika. Gwamnatoci ba su kafa wa wannan ciniki doka ta musamman don ba su da aikin yi ba. Sun san yadda ake sayar da shi: a yi maka tayin tikitin wurin wasan yara na Disney mai rahusa, a ce zaman minti 90 ne kawai, a riƙe ka har yara su gaji su fara kuka, a sauya maka mai magana sau biyu sau uku, sannan a ce farashin na yau ne kaɗai. Duk abin da ka ba ni labari, haka ake yi wa kowa. Don haka ka daina cewa wauta ka yi. Mutanen nan sana'arsu ke nan, kai kuwa hutu ka je.

Yanzu mu zo ga lissafi, tunda a kan duba littattafan kuɗi na ƙare ƙuruciyata. Farashin dala 25,000 ne. Ka ba da 2,500, saura 22,500 bashi a kan ruwa kashi 15 cikin 100 har shekara 10. Kowane wata za ka biya kimanin dala 363. Ninka shi sau 120, ka ga ya haura dala 43,500. Wato ruwan kaɗai ya kusa kamo uwar kuɗin. Ga kuma kuɗin kula da gini, dala 1,300 a shekarar farko. Haɗa su, a shekara kana fitar da dala 5,600 da ɗoriya saboda kwana bakwai, kusan dala 800 kowane dare, ba a sa kuɗin jirgi daga Dalas ba, ba a sa abinci ba, ba a sa tikitin wuraren wasan yaran ba. Ka buɗe intanet ka duba nawa ake ba da hayar irin wannan ɗaki a Olando, wataƙila ma a cikin ginin da kansa, ka kwatanta da idonka. Maganar ruwan bashi kuwa ba sai na tsawaita ba. Ka yi allo, ka yi Islamiyya, ka san matsayin riba. Wanda ya ci bashin gida a ƙasar da ba shi da wata hanyar rufa wa iyalinsa asiri, malamai na da maganganu a kansa. Wanda ya ci bashi da ruwa don hutu, ban san da wane baki zai yi bayani ba.

Bashin ma yana da ranar ƙarewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin kula da ginin, domin na nemi ranar ƙarewarsa a takardun ban samu ba. Ko ka je ko ba ka je ba, za ka biya. Ba kai ke yanke adadinsa ba, kuma irin kuɗin nan hawa yake yi. Idan guguwa ta yi ɓarna, kamar Ian da ta afka wa Filorida a Satumban 2022, ana iya raba wa masu kaso wani kuɗin gyara na daban. Kamar dai a sayar maka da saniya a ce nononta naka ne mako guda a shekara, amma kason harawa da na likitan dabbobi za a riƙa aiko maka har illa masha Allahu, makiyayin ne kuma ke faɗin nawa ne. Makon ma ba tsayayye ba ne, maki aka ba ka, sai ka yi rajista watanni kafin lokaci, kuma lokacin hutun makaranta da kake buƙata shi kowa ke rububi.

Ka ce mai tallar ya gaya muku kadara ce, idan kun gaji ku sayar. Ka koma cikin kundin da suka ba ka. Akwai wurin da dokar Filorida ta tilasta musu su rubuta cewa a sayi wannan abu don jin daɗin hutu kawai, kada a saya da tsammanin darajarsa za ta ƙaru ko za a iya sake sayar da shi. Akwai kuma inda kuka sa hannu cewa ba ku dogara da wata magana ta fatar baki ba. Bakinsa ya faɗi ɗaya, takardarsa ta faɗi wani, kotu kuma takarda take karantawa. Ka shiga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, za ka tarar da masu neman a karɓi nasu a kan dala 1, don dai su rabu da kuɗin shekara-shekara. Fili a Ɗanbare ko Jaba, ko shekara ashirin ka manta da shi, ba zai aiko maka da takardar biya ba.

Duk wannan da na faɗa, da a ce ƙafarka a kan dutse take, da sai in ce tsada ce kawai, kuɗinka ne, ka ji daɗinka. To amma ba a kan dutse take ba, kai ma ka sani. Da bakinka ka gaya mini an rage ma'aikata a sashen da ke maƙwabtaka da naku, kuma ana raɗe-raɗin wani zagaye. Mun ga yadda manyan kamfanoni suka yi: Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 da Microsoft 10,000 a Janairun 2023. Waɗanda aka sallama ba malalata ba ne. Kai kuma zamanka a Amurka a kan bizar H-1B yake, wadda ke ɗaure da aikin. Idan aiki ya tafi, kwana 60 ne a hannunka ka sami wani ko ka san inda dare ya yi maka. Katin zama na dindindin bai fito ba. Hauwa na da juna biyu, kuma kun fi ni sanin abin da asibiti ke ci a can ko da inshora. A irin wannan hali abin da magidanci ke buƙata kuɗi ne a ajiye, wanda zai riƙe gida wata shida ko babu albashi. Ka ce mini ajiyarka ba ta kai na wata uku ba.

Ban so in sa namu a ciki ba, don kada ka ga kamar tuwona nake karewa, amma ɓoye shi ma rashin gaskiya ne. Maganin sukarin Umma da na hawan jininta kai ne. Rajistar Zainab kai ne, tun da jami'o'in tarayya suka ƙara kuɗi a 2023. Fanshona ka san yadda yake zuwa. Mutane a nan suna ganin tunda dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, tsakanin 2023 da 2024, duk mai ɗa a waje ya huta. Ba sa lissafa cewa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, shinkafa da magani da kuɗin mota duk sun bi dalar a guje. Idan Allah ya jarrabe ka da rashin aiki, mu za mu ɗaure ciki, mun saba. Kamfanin can ba zai ɗaure ba. Zai ƙwace kason, ya ɓata maka suna a wurin masu ba da bashi, a ƙasar da ko hayar gida sai an duba wannan suna.

Na lura da abin da ya fi damunka a saƙonka, inda ka ce ba ka saba faɗin magana ka janye ba, kuma ni na koya maka haka. Gaskiya ne, kuma ina alfahari da hakan. Amma ka dubi abin da kyau. Kwana 10 ɗin nan a cikin yarjejeniyar suke, su suka rubuta, kai ka sa hannu. Wanda ya yi amfani da sharaɗin da ke cikin alkawari bai saɓa alkawari ba. Mu ma a fiƙihunmu na Malikiyya akwai ciniki bisa zaɓi: a ƙulla, a ba mai saye lokaci ya yi shawara ko ya gwada, dabba kamar kwana uku, gida kuwa har wajen wata guda. Malamanmu sun ga sayen gida ya cancanci wata ana nazari; kai an ba ka rabin yini da yara suna jan rigarka. Alkawarin da ya hau kanka tun kafin wannan shi ne na ci da sha da suturar mutanen gidanka. Mai tallar zai rasa la'adarsa, gobe ya samu a wurin wani.

Game da Hauwa, ka bi a hankali. Kada ka je ka ce mata "Baba ya ce". Na fahimci ita ta fi son abin, kuma ban ga laifinta ba. Yarinya ce da ta bar danginta a Zariya, tana fama da yara ita kaɗai a ƙasar da babu maƙwabciyar da za ta miƙa wa goyo. Mako guda a shekara da ta san nata ne ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ka ba ta hutun, amma ku tara kuɗinsa tukuna, shekarar da hali ya yi ku je, shekarar da bai yi ba ku zauna babu mai bin ku. Kuma ku tambayi juna tsakani da Allah: hutun da ake ba ka a shekara nawa ne? In an cire zuwa gida, ga Umara da take ta ambata, ga Hajji da ba ku sauke ba, ina sauran kwanakin da za ku riƙa kai wa Olando kowace shekara har tsufa?

Yadda za ka yi kuwa ba shi da wuya. A rubuce ake janyewa, kiran waya ba ya wadatarwa. Takarda ce gajera: sunayenku kamar yadda suke a yarjejeniyar, lambarta, ranar da aka sa hannu, da jimla ɗaya cewa kun janye kuna neman a mayar da kuɗinku. Ku sa hannu ku biyun, tunda da sunanta a ciki. Ka aika zuwa adireshin da aka rubuta a sashen janyewa, ba ofishin da kuka zauna ba, ta gidan waya, irin aiken da ake ba ka rasit ake kuma sa hannu idan an karɓa. Ranar da ka aika ita doka ke dubawa, amma kada ka kai Litinin, ka yi gobe Laraba. Doka ta ba su kwana 20 su mayar da kuɗin. Ka adana kwafin kome. Ka kuma bincika ko sun buɗe maka sabon katin bashi a wurin don biyan kuɗin farko, domin suna yin haka, shi kuma rufe shi aiki ne na daban.

Za su kira ka. Za su rage farashi, ko su ce ka karɓi ƙaramin tsari na gwaji. Ba dole ka ɗauka ba, in ka ɗauka ka ce ka riga ka rubuto. Kada ka yarda da "bari manaja ya kira ka mako mai zuwa", mako mai zuwa wa'adi ya wuce. Bayan wa'adi fita na da wuya ƙwarai, a nan ne kuma wasu ke jira, masu cewa a ba su dubban daloli su fitar da mutum ko su samo masa mai saye. Hukumar FTC, mai kare haƙƙin masu saye a Amurka, ta sha gargaɗi a kansu.

Umma ba ta san zancen ba, ban ga amfanin tayar mata da hankali ba. Tana gaishe ku, ta ce a tambayi Hauwa ko kuka da daddawar da aka aika sun iso. Ka gaishe mini da amaryata, ka ce mata na ji an ce ta sauke izu biyu, tukuicinta na nan. Angon Umma kuma a ce masa ya rage ƙiriniya. Idan ka fito daga gidan waya gobe, ka ɗauki hoton rasit ɗin ka turo mini.

Allah ya yi muku albarka, ya sauki Hauwa lafiya.

Mahaifinka